Leɓen Jirgi

Gwangwanin fenti na kai wa kawuna tsaraba, shuɗi, mai lita huɗu, da buroshi biyu. Ƙarshen damina ne, dawa ta fara sunkuyar da kai, ni kuma ban daɗe da fara ɗaukar albashi ba. Tun zuwana na baya na ga yadda leɓen jirginsa ya koma. Katakon da aka bi bakin kwale-kwalen da shi ya yi fari-fari kamar toka, tsohon fenti ya ɗaɗɗago yana zuba kamar ɓawon gyaɗa, kowace ƙusa kuma ta yi wa kanta baƙin zobe. Abin ya tsaya mini a rai. Mutumin da ya biya mini kuɗin makaranta da cinikin karfasa da tarwaɗa bai kamata a gan shi cikin jirgi irin na marar gata ba. Nufina mu ja shi tudu a ranar, in shafe shi tas kafin la'asar, in koma birni da farin ciki.

Ya karɓa da hannu biyu, ya sa albarka, ya jinjina nauyin gwangwanin, sannan ya tura shi ƙarƙashin gado. Can ya zauna wata uku da 'yan kwanaki.

Mu mutanen Zinyau ba 'yan ruwa ba ne tun asali. Ƙasar Rano da Kibiya ƙasar noma ce da duwatsu, da rini a zamanin da, don ba banza aka kira Kano da Rano sarakunan baba ba. Ruwa ne ya zo ya same mu har gida. Tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka datse Kogin Kano a Tiga, tafki ya kwanta a kan fili mai faɗin murabba'in kilomita kusan 178, aka ja ruwansa ta Ruwan Kanya zuwa gonakin rani na Kadawa da Kura. Kawuna yana cikin 'ya'yan manoman da suka ajiye fartanya suka kama filafili. Ya koma wajen Rurum, ya koyi su a hannun wani dattijo mutumin Yawuri, ya kuma koyi abin da ya fi jefa koma wuya, wato riƙon jirgi.

Washegarin ranar da na kai masa fentin, bayan asuba, ya ce in biyo shi bakin ruwa. Jirgin yana ɗaure a turke yana ɗan rausaya. Ya kama igiya ya jawo shi gaɓa, muka haɗa ƙarfi muka karkata shi har ƙasansa ya fito, sai ya zaro 'yar wuƙarsa ta gyaran koma ya miƙo mini.

"Ɗan nan, soka nan."

Ƙasan jirgin ya nuna mini, katakon da yake kwana cikin ruwa ya wuni cikin ruwa, ya yi gansakuka har yana santsi. Na soka. Wuƙa ta tsaya a baki kamar na soki turmi.

"To, soka nan kuma."

Leɓen ne wannan karon, daidai gefen wata ƙusa, wurin da fenti ma yake da sauran kyau. Ban sa ƙarfi ba. Wuƙar ta shige kamar cikin dafaffen rogo, da na zaro ta sai ga ruwa ja-ja ya biyo, da wari irin na rumbun da damina ta shiga.

"Kawu, ashe ya mutu."

"Bai mutu ba, ciwo ne. Amma da ka shafe shi jiya, da ka binne shi da ransa."

A tunanina ruwa ne ke cin katako, saboda haka wurin da ya fi daɗewa a ruwa shi zai fara lalacewa. Ashe ruwa shi kaɗai ba ya ruɓar da itace. Ruɓa abu ce mai rai, dangin funfuna da laimar kwaɗi. Zaruruwanta sun fi gashi siranta, suna ratsa cikin katako suna cinye abin da yake ba shi ƙarfi, kuma kamar kowane mai rai tana da bukatunta: damshi, da iska, da ɗumi. Masana katako sun auna, sun ga in ruwan da ke jikinsa bai kai kashi 20 cikin 100 ba, ruɓa ba ta iya kama shi. Shi ya sa ƙyauren ɗakin kaka yake ganin jikoki da tattaɓa-kunne. In kuma ya nutse ya ƙoshi da ruwa har iska ta rasa hanyar shiga, nan ma ba ta da ta cewa. Tsakanin waɗannan biyu take kiwo, inda ake jiƙewa a bushe, a sake jiƙewa.

Wanda yake son shaida ya bi ruwan Tiga inda yake gangarawa, ta Haɗeja har ƙasar Yobe. A 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya a ƙauyen Dufuna, cikin ƙaramar hukumar Fune, kusa da kogin Komadugu Gana, sai ya ci karo da itace a zurfin kusan mita 5. Masana daga jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt a Jamus suka tone wurin a 1994, suka tarar da jirgi ne sassaƙaƙƙe daga gungume guda, tsawonsa mita 8 da 'yan kai. Da aka auna shekarunsa sai aka ga ya haura 8,000, babu jirgin da aka taɓa samu a Afirka da ya kai shi tsufa. Duk wannan zamani yana kwance cikin jiƙaƙƙiyar laka inda iska ba ta kai, bai ruɓe ba. Sai da aka fito da shi sarari sannan aka shiga lallaɓa shi da magani, don kada iska ta yi masa cikin 'yan shekaru abin da ƙasa ba ta yi masa ba cikin dubbai. Yana Damaturu yanzu. Shi kuwa leɓen jirgin kawu, damina biyar kacal ta isa ta mayar da shi garin rogo.

In ka lura da rayuwar leɓen ba za ka yi mamaki ba. Da asuba raɓa ta jiƙa shi. Da hantsi a jawo koma tana ɗiga a kansa, darmarta tana gurzar fenti. Da azahar rana ta gasa shi har ba ka iya dafa shi da tafin hannu. Da yamma hadari ya taso, ruwan sama ya kwanta a kowane lungu. A nan filafili yake bugu, nan igiya take goga, nan mai shiga yake dafawa, nan mai fita yake takawa. Katako kuwa in ya sha ruwa kumbura yake yi, in ya bushe ya tsuke, kuma ta faɗi yake wannan motsi, tsawonsa da ƙyar yake canzawa. Fenti ba ya iya bin sa kullum. Wata rana sai ya tsage, tsaga siririya wadda ido ba ya gani. Ruwa ya shiga ta nan a matsayin ruwa, amma fitarsa sai a matsayin tururi, ga fenti ya toshe ko'ina. Sai ya zauna. Abin da aka shafa don ya hana shi shiga, shi ne yanzu ya hana shi fita. Wurin da ya fi haɗari shi ne kan katako, inda zarto ya yanke. Itace kamar damin kara yake, ramukansa a tsaye suke bi, don haka bakin yankan yana zuƙar ruwa ninkin-ba-ninkin abin da gefe yake sha. Duk inda katako biyu suka haɗa kai, can za ka fara kai wuƙa.

Baƙin zoben ƙusa kuwa, duk wanda ya taɓa zama a rumfar dukawa ya san shi ko da bai gane ba. Fatar da aka jeme da bagaruwa, in aka ɗiga mata ruwan da tsohon ƙarfe ya kwana a ciki, nan take take yin baƙi. Kuloko ke nan. Irin sinadarin da yake cikin bagaruwa yana cikin maɗaci da sauran jajayen itatuwa, ƙusa kuma ƙarfe ce, saura ruwa. Ranar da ruwa ya sami hanya ya kai ga ƙusa, katako ya fara rina kansa. Saboda haka zoben nan ba datti ba ne da za a goge a huta. Labari yake bayarwa, cewa ruwa ya shiga, ƙusa ta fara tsatsa, raminta ya fara faɗi.

Sai da aka gama girbi, hunturu ya kankama, leɓɓa suka fara tsagewa, sannan kawu ya aiko in zo. Muka ja jirgin tudu mu shida. Na ɗauka a tsakiyar rana za a shanya shi don ya yi saurin bushewa. Ƙarƙashin wata darbejiya ya sa aka kai shi, aka ɗora shi a kan gungume uku don iska ta bi ta ƙasa, aka kife. Ya ce rana tana busar da fata ta bar ciki a jiƙe, fata ta tsuke ciki bai tsuke ba, sai katako ya dare gida biyu. Iskar hunturu a inuwa ita ce take bi a hankali har ta kai ga ɓargo.

Aikin farko kankara ce. Da fasasshiyar kwalba da bakin wuƙa muka bi leɓen kaf, muka ɗebe tsohon fenti har wanda bai ɗago ba, don ba a san abin da yake ƙarƙashinsa ba. Muka zare ƙusoshi, wasu sun sirance kamar allura, wasu kansu kawai ya fito. Sannan ya ɗauko zarto. Nan ne na ji zafi, domin inda ruɓa ta tsaya a ganin ido, sai ya ƙara taƙi guda cikin lafiyayyen katako ya yanke. Na ce, "Kawu, wannan ai mai kyau ne." Ya ce zaren ciwon yana gaba da launinsa, in ka yanke daidai inda ka gani ka bar masa iri. Sabon katakon da zai shiga gurbin bai yanke shi a tsaye ba, a karkace ya fere shi kamar bakin alƙalami, shi ma tsohon haka, don su hau juna su kama da faɗi. Ramukan tsofaffin ƙusoshi ya sassaƙa musu 'yan tsinkayen itace ya toshe, sababbi kuwa masu ruwan tutiya ya sa na sayo, masu jure tsatsa, ko da yake sun fi tsada.

Daga nan sai jira. Kwana ashirin da ɗaya jirgin yana kife ba a taɓa shi ba, sai dai kullum da safe kawu ya je ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa ya saurara. Jiƙaƙƙen katako amsawarsa a dushe take, busasshe kuwa yana da amo kamar ƙwarya. Wani lokaci ya ɗan goga samfefa: in garin ya tashi ya bi iska an kusa, in ya dunƙule ya toshe idon samfefar da saura. Akwai daren da ya ɗaure guntun leda a kan wurin da yake shakka, da safe muka tarar ta yi gumi ta ciki. Ya ƙara kwana biyar.

Ina so a fahimci abin da kwanakin nan suke nufi ga masunci. Jirgi a tudu ba ya kama kifi. Duk tsawon lokacin kawu a jirgin wani yake fita, a raba abin da aka samu, kuma rabon mai jirgi ya fi. Gida akwai bakuna goma sha ɗaya. Don haka ban taɓa ganin laifin talakan da ya shafa fenti a kan jiƙaƙƙen katako ya koma ruwa washegari ba, irin ganin da mai ƙoshi yake yi masa. Sau da yawa ya san gaskiya sarai, yunwa ce ba ta jira. Abin da nake cewa kawai, katako bai san uzuri ba. An yi ba a yi ba, an rufe ƙofa da ɓarawo.

Daga baya na karanta yadda attajiran Turai da Amurka suke kula da katakon jiragensu na shaƙatawa, na kuma yi mamakin yadda hanya ta zo ɗaya. Su ma kankarewa suke yi har su kai ga tsiraicin katako. Baƙin tabo su wanke shi da wani sinadari mai tsami da ake kira oksalik, su ɗauraye, su jira ya bushe, wasu har da na'urar auna damshi. Sannan su shafa banish, shafin farko a tsinke da tina don ya shige ciki, su bi da shafi takwas ko goma, suna goga samfefa mai laushi a tsakani. Duk da haka a ƙasa mai zafin rana sai sun sabunta kusan kowace shekara, domin hasken rana yana cin banish kamar yadda yake cin fatar katako ya mayar da ita toka-toka. Can Mopti ta ƙasar Mali kuma, inda ake ƙera manyan jiragen Kogin Kwara da maɗaci, tsumma da man kaɗe ake cusawa a tsakanin katakai. Mai yana da hali irin nasa: yana shiga jiki, ba ya yin ɓawo, in ya ƙare kuma a fili yake ƙarewa, ka gani ka ƙara. Fenti da banish sun fi shi kyan gani da daɗewa, amma in suka gaza a ɓoye suke gazawa. Akwai masu shafa baƙin man mota da aka juye daga inji saboda araha. Wannan kam ba na goyon bayansa ko kaɗan. Ruwan da jirgin zai shiga shi ne ake ban ruwan shinkafa da tumatir da shi, shi shanu suke sha, kifin cikinsa kuma shi muke ci.

Tun daga wannan hunturu idona ya buɗe, na riƙa ganin leɓen jirgi a wuraren da babu ruwa ko jirgi. Na gan shi a katangun garinmu. Magabata suna yaɓe ginin ƙasa da makuba ta ɓawon ɗorawa, masu hali su yi laso da katsin marina, abin da yake korar ruwa amma yana barin bango ya yi numfashi, kuma duk shekara ana dubawa a sabunta. Da siminti ya zo sai muka lulluɓe jar ƙasa da shi, gida ya yi kyau kamar na birni. Shekara biyu, uku, sai ya tsage a wajen indararo, ruwa ya bi bayansa yana narkar da ƙasa ba wanda ya sani. Ranar da za a sani ita ce ranar da simintin zai ɓallo falle guda cikin watan Agusta, a ga bango ya rame ya koma rabi. Wani lokaci da mutane a kwance a ɗakin.

Na gan shi a kasuwa. Jirgin da za a sayar shi ne ya fi kowanne sheƙi, kuma masu sayen da suka san hannunsu sun fi tsoron sabon fenti a kan tsohon tabo. Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da abinci da ya tara shi tsibi, ya cusa hannunsa ciki, yatsunsa suka taɓa danshi. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai aka tambaye shi dalilin da bai ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, aka kuma nesanta mai algus daga al'umma. Ruwan saman ba laifinsa ba ne, kowa kayansa yana iya jiƙewa. Laifin ya fara ne daga lokacin da ya jawo busasshe ya rufe. A harkar jirgi kuwa algus ba a aljihu yake tsayawa ba. A ranar 26 ga Mayu, 2021, jirgin katako ɗauke da mutane fiye da 150 ya nutse a Kogin Kwara kusa da Warra, cikin ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi, kaɗan ne suka tsira. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa ta ce jirgin tsoho ne, ya yi rauni, an kuma yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa. Wata shida bayan nan, 30 ga Nuwamba, a nan jiharmu, jirgi ya kife a ruwan Watari tsakanin Badau da Bagwai, mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya masu zuwa Mauludi. A wannan, lodi aka ɗora wa laifi. Allah Ya jiƙansu. Na kawo su ne don duk mai shiga jirgi, da ɗansa a hannu, ba shi da abin dogaro bayan Allah sai amanar wanda ya san abin da yake ƙarƙashin fenti da iyakar nauyin da katakon zai ɗauka.

Inda abin ya fi taɓa ni shi ne zaman sulhu. Na taɓa shiga cikin masu biko. Matar wani ɗan'uwanmu ce ta yi yaji, karo na uku. Muka je bayan isha'i da goro, aka shimfiɗa mana tabarma a zaure. Babbanmu ya buɗe da addu'a, ya ce abin da ya wuce ya wuce, kada kowa ya tayar da shi, shaiɗan ne. Aka kira ta, ta durƙusa a bakin ƙofa. Ta ce, "Baba, ina da magana." Mahaifinta, don kunyar baƙi, ya ce, "Ba ki da wata magana, ɗauko mayafinki." Ta yi shiru, hawaye yana zuba, ta tashi ta ɗauko. Muka dawo da ita a daren muna murna an rufa asiri. Kafin babbar salla auren ya mutu, mutuwar da ta raba gidaje biyu har yau ba sa gaisawa a jana'iza. Daga baya na ji maganar da take son faɗa. Kalma ce guda da mijin ya faɗa a kan mahaifiyarta a gaban kishiya, bai taɓa janye ta ba. Abin da zaman awa ɗaya zai iya yankewa a cire. Ina zaune a zauren nan, na ji ta ce tana da magana, na riga na ga wuƙa ta shige leɓen jirgi da idona, amma ban ce a bar ta ta faɗa ba. Wannan shirun yana damuna har gobe.

Hausawa suna da sunan irin aikin da muka yi, kitso da ƙwarƙwata. Kuma ba wai muna ƙin gaskiya ba ne. Tsoro muke ji kada tono ya zama tonon silili, kuma tsoron yana da tushe. Na ga kawu yana goga samfefa, na kuma ga inda yake tsayawa. Katakon jirgi kaurinsa bai wuce yatsa biyu ba, wanda ya ce sai ya goge kowane tabo zai wayi gari ya huda jirgin. Akwai baƙin da ya bari, ya ce wannan ya bushe, tarihi ne kawai, ba ya ci gaba. Rufin asiri ma ba abin yarwa ba ne, don katakon da aka kankare aka bari tsirara damina ɗaya za ta gama da shi. Dole a rufe. Magana ita ce yaushe, kuma a kan me. Sannan a inuwa kawu ya shanya jirginsa. Yau in aure ko ciniki ko zumunci ya sami matsala, ko dai mu danne ta a daren, ko mu kai ta Facebook mu baje a tsakiyar rana, kowa ya tofa, har abin da yake da sauran gyara ya dare. Inuwar da take tsakani, inda dattawa biyu ko uku za su zauna su bar mai kuka ya gama kukansa, su bar kwanaki su wuce kafin su ce a yi haƙuri, ita ce take ƙaranci a garuruwanmu. Haƙurin da aka nema bayan an saurara yana kama jiki. Wanda aka ɗora tun kafin a buɗe baki, sama-sama yake zama.

Ranar da kawu ya jawo gwangwanina daga ƙarƙashin gado, ƙura ta rufe murfinsa. Mun riga mun cusa tsumma a duk haɗin katakai, mun bi da narkakkiyar kwalta. Ya zuba fenti kaɗan a wani gwangwanin madara, ya tsinka shi da kananzir har ya koma kamar ruwan bula, ya fara da kawunan katako, yana ɗiga musu suna shanyewa, yana ƙarawa, har suka ƙoshi suka daina karɓa. Sannan ya miƙo mini buroshi. Ya ce in fara da ƙarƙashin leɓen, wurin da ba mai gani, don ta nan ruwa yake laɓewa. Da sassafe muke yi, bayan raɓa ta ɗauke, kafin iska ta taso da ƙura. Shafi uku, kwana guda a tsakanin kowanne, siriri-siriri, don mai kauri fatarsa ce take bushewa cikinsa ya zauna ɗanye. Cikin jirgin daga ƙasa kuwa bai yarda a sa masa fenti ba. Man kaɗe ya narka ya shafa, ya ce a bar masa ƙofar da zai riƙa fitar da abin da ya sha. Duka aikin shafin bai ci awa huɗu ba in aka haɗa, a cikin kusan wata guda da jirgin ya yi a tudu. Fentin ma ko rabi bai yi ba.

Da muka mayar da shi ruwa sai gabana ya faɗi. Ta ko'ina yake yoyo, ruwa yana tsattsafowa ta tsakanin katakai kamar ƙwaryar da ta tsage.

"Kawu, mun ɓata shi!"

"Ƙishirwa yake ji. Bar shi ya sha."

Ya sa muka ɗora masa duwatsu, jirgin ya zauna cikin ruwa har wuya, leɓen kawai a waje. Kwana biyu yana nan. Katakan da hunturu ya tsuke suka kumbura suka matse tsumman da ke tsakaninsu. A safiya ta uku muka kwashe duwatsun, muka kwarfe ruwan da yankakkiyar jarka, muka zauna a gaɓa muna kallo har rana ta ɗaga. Ko cokali bai shiga ba.

Kawu ya kai sauran fentin ɗaki, ya danne murfin da dutse, ya ce na baɗi ne. Ya fito da komarsa a kafaɗa, ya yi bisimilla, ya jefa ta cikin jirgi. Darma guda ta kama leɓen ta ja masa layi fari a kan sabon shuɗin, tsawon ɗan yatsa. Ya tsaya ya duba, ya bi wurin da babban yatsansa, ya ɗaga kai ya dubi sama ta gabas. Sannan ya tura jirgin da ƙafa ɗaya, ya haye, ya kama filafili.